Mota Ta Sha Huɗu Tana Hanya

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Yau Alhaji Tidjani ya tara mu a biro, wato ofis, ya ce za a sayo wa garaji manhaja. Ko sunan bai iya faɗa ba, "abin nan mai nuna komai" yake cewa, yana kaɗa carbi a iska. Abin da yake nufi shi ne irin manhajar da ake zuba wa duk bayanan kamfani, tafiye-tafiye da man mota da kwanakin da kowace kamiyo, babbar motar kaya, ta yi a hannun makanikai, ita kuma ta baje su a fuska ɗaya da launi da zane, mai gida ya duba sau ɗaya ya san ta inda ake cinsa. 'Yarsa Saoudatou ce ta kawo maganar. Ta dawo daga karatu da tabarau da dogayen kalmomi, ta ce kamfani mai motoci ashirin da biyu bai kamata ya dogara da alli ba.

Allin nan ni ne. Ni nake rubuta allon ƙofa, ni kuma nake buga komai a kwamfuta, tun shekara uku da suka gano cewa wanda ya bar lakkol, makarantar boko, a aji uku ya fi akawunsu karatu. Faransancina a jikin kwali na koye shi, da tsofaffin littattafan bakin titi na unguwar Sainte-Rita. Babu wanda ya biya mini ko sisi, don haka babu wanda zai ce in yi shiru.

Kamfani uku za su kawo nasu, kowa ya ba mu gwajin sati uku, ranar 28 a zauna a zaɓa. Saoudatou ta raba takarda mai layi biyar: farashi, aiki idan rezo, wato sabis, ya yi rauni, buɗuwa a wayar Alhaji, koya wa ma'aikata, da kuma a hannun wa bayananmu za su zauna. Kowane layi maki biyar. Karimou, shugaban direbobi, ya riƙe takardar kai a ƙasa ya ce ya gamsu.

Da za a tashi ta ce, "Maharazu, a gyara bayanan kafin jibi. Duk tafiyar da take buɗe a rufe ta."

Na ce babu tafiyar da take buɗe sai ɗaya.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta dokar, don wata rana masu tabarau za su ce ba a taɓa yi ba. A garajin nan idan direba zai tashi, a rubuta sunansa da lambar motarsa a allon ƙofa. Idan ya dawo, shi da kansa yake gogewa da tafin hannunsa, sannan ya rataye makulli. Babu mai goge sunan wani. Tun kakan Alhaji yana fataucin goro haka ake yi. Muddin suna yana allo, mutum yana hanya: ba a yi wa iyalinsa jaje, ba a ba wani wurin ajiye motarsa.

Yayana Safwan yana allo tun 11 ga Oktoba. Mota ta sha huɗu. Ya sauke shinkafa a Malanbil, ya ɗauko albasa, ya kira matarsa Labiba daga Kandi ya ce ya juyo. Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma ba zan rubuta abin da mutane suke cewa ana yi a wannan hanyar ba. Jandarma sun nema har sun gaji. Laimar Kwatano tana cin alli, shi ya sa duk Litinin nake sake bin haruffan.

Liman ya faɗa wa Labiba ba zai fara ƙirga mata kwanakin takaba ba sai masu mota sun ce sun daina jira. Masu mota ba su ce ba.

Yana hanya.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Sun zo su uku. Na raɗa wa manhajojin suna da launinsu.

Shuɗiya ta wani babban kamfani ce. Mai tallanta ya sa kwat cikin wannan zafi, yana ce wa Alhaji darakta har Alhaji ya fara waiwayawa ko da wani ake. Kyakkyawa ce, ba musu, amma ta ƙi karɓar bayananmu. Ta iso layi ɗaya da babu ranar dawowa, ta tsaya cik. Mai kwat ya ce, "Ai ba komai, ku sa kowace rana." Na ce ya sa ranar da ubansa zai mutu. Saoudatou ta fitar da ni waje. Da na dawo sun ware layin gefe guda, kamar majinyaci mai cuta.

Ja ba ta da kunya. Ta haɗiye komai, sannan ta turo wani akwati a tsakiyar fuska: tafiya ta wuce kwana talatin, a rufe? A lokacin gwaji kana iya danna "sai an jima". Idan an saya, masu ita sun ce ba za ta fitar da rahoton wata ba sai an rufe. Na danna sai an jima.

Fara ta wani siririn mutum ce, Fadel. Shi kaɗai ya zo a kan zemijan, acaɓar garin nan, kwamfutarsa cikin buhun shinkafa saboda ruwa. Ya ce shi da abokinsa suka rubuta ta. Ta karɓi bayanan shiru. Na tambaye shi layin sha huɗu fa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tafiyar da ba ta ƙare ba, ai ba ta ƙare ba."

Shi ne mutum na farko da ya yi maganar hankali a biro ɗin nan cikin wata bakwai.

Tana da taswira. Motocinmu ba su da na'urar bin sawu, Alhaji ya ce tsada, don haka Fara tana duba tafiye-tafiyen baya ta kintata inda kowace mota ta kai, ta sa ɗigo.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Akwai ɗigo a Kandi. An rubuta 14 a kansa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan masallaci

Ya matsa. Ya bar Kandi ya yo kudu kaɗan.

Na kira Fadel. Ya yi dariya ya ce kintace ne kawai, lissafi ne, ba mutum ba. Na ce to lissafin naka me ya sa ya jira wata bakwai kafin ya tashi? Ya ce bisa ƙa'ida, ko dai ta ajiye motar a garaji tun Oktoba, ko kada ta nuna ta sam. Ya ce zai duba.

Kada ya duba. Wa ya aike shi?

Litinin, 12 ga Mayu, da yamma

Na bi haruffa da alli. Na danna wa Ja sai an jima.

Na ɗauki rula na auna a taswira. Kwana huɗu, kamar kilomita ɗari da ashirin. Talatin a wuni. Kamiyo ko tayoyinta huɗu sun fashe ta fi haka. Na sake aunawa, na kuma sakewa, har Saoudatou ta ce me nake yi da rula a jikin kwamfuta kamar tela. Na ce ina auna mata rigar hankali.

Sauran ɗigo ashirin da ɗaya suna tafiya daidai da motocinsu. Wada direba ya shigo garaji jiya ƙarfe uku, Fara ta ce uku da kwata. Ba ta kuskure a kan kowa.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

An fara sa maki. Ni dai na gano yadda manyan kamfanoni suke zaɓen abu: kowa ya duba wadda ba za ta tona masa asiri ba, sannan ya nemo mata dalili da Faransanci.

Karimou ba ya son Shuɗiya. Ya ce launinta yana sa shi ciwon kai. Gaskiyar magana ta jera direbobi bisa man da kowa yake sha a kilomita ɗari, kuma 'yan ɗakinsa uku ne a sama. Alhaji yana son Ja, don tana buɗuwa a wayarsa da manyan ƙwallaye, kore lafiya, ja matsala, ba sai ya karanta komai ba. Kuma abokinsa mai motoci a Seme ita yake amfani da ita, ba zai yarda a ce wancan ya fi shi ba. Saoudatou tana son Shuɗiya don da ita aka koya musu.

Bayan an watse ta ce in tsaya.

"Ka san abin da Shuɗiya take yi wanda sauran ba sa yi?"

Na ce cin rezo.

"Tana nuna tarihin gyara. Kowane layi, wa ya canja me, da yaushe. Ta ciro shi daga tsohon fayil ɗinka." Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, ba ta dube ni ba. "Har wanda aka ware gefe."

Na ce to sai me?

Ta ce ba komai, tana dai faɗa mini ne.

Na ba Shuɗiya maki ɗaya a kowane layi. Ban ga amfanin manhaja mai tone-tone ba. Mutum ya gyara abu ranar 10 ga wata, aikinsa ne gyara, shi ke nan sai a ajiye masa har ranar tashin ƙiyama?

Alhamis, 15 ga Mayu, magariba

Faraku.

Juma'a, 16 ga Mayu, da la'asar

Na bar ɗigon yana tafiya na tafi masallaci. Da na dawo na duba jerin lokutansa. Ya tsaya daga ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Na koma baya na duba sauran kwanakin. Yana tsayawa da azahar, yana tsayawa da la'asar, minti goma goma. Da magariba ya tsaya ke nan sai gari ya waye.

Fadel zai ce lokacin da manhaja take sabunta kanta ne. Ban kira shi ba.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Na kai wa Labiba doya da manja daga kasuwar Tokpa. Ruwa ya cika lungu, sai da na naɗe wando. Na same ta a kan keken ɗinki, yaran suna makarantar allo. Da can da ta hango ni sai ta ce, "Ga ƙaramin miji, me aka kawo wa uwargida?" Tun Oktoba ba ta sake faɗa ba. Maharazu kawai.

Ta ce, "An ce kuna da talabijin da yake nuna shi."

Na ce ba talabijin ba ne, kuma wa ya faɗa mata? Ta ce a Zongo idan ka yi atishawa a ɗaka, mai shayi ne zai fara ce maka Allah ya yi rahama.

"Shi ne?"

Na ce yana hanya.

"Ban tambaye ka allo ba. Allo na san abin da ya ce." Ta ciji zare ta tofar. "Jiya an yi sunan 'yar Murja. Na shirya zan tafi, na tsaya gaban madubi ban san ko in sa jan baki ko kada in sa ba. Idan na sa, a ce ba ta damu ba. Idan ban sa ba, a ce ta riga ta binne shi. Sai na cire mayafin na zauna."

Na ce ta bar biye wa maganar mutane.

Ta ce, "Kai ai kana da alli."

Na bar doyar a bakin ƙofa.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Direbobi sun fara shigowa biro ɗaya ɗaya, wai neman takarda. Sai su tsaya a bayana. Wasu har takalmi suke cirewa, ban san dalili ba, su ma ba su sani ba.

Karimou ya daɗe yana kallo. Ya tambayi nawa yake ci a wuni. Na faɗa masa. Ya gyara hula ya ce a hankali, "Wannan ai tafiyar ƙafa ce."



Sai Wada, da bakinsa kamar ƙofar garaji, ya ce, "Allah Sarki. Da ni ne fa. Sunana aka fara sawa a tafiyar nan, na kwana na tashi na ga an mai da ni Lome."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa jaki, na ce ɗan asara, na ce wanda aka haifa a layin mai, na faɗi wasu da ba zan rubuta ba saboda takardar nan ta fi shi daraja. Karimou ya riƙe ni. Wada yana ta cewa, "Me na ce? Ni me na ce?"

Bai faɗi wani abin laifi ba. Abin haushin ke nan.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar

Fadel ya zo bai ko yi sallama da kyau ba. Ya zare wayar rezo daga bayan kwamfuta, ya kashe duk wata hanya da za ta yi magana da waje, ya ce mu zauna. Muka zauna awa biyu muna kallo, fanka tana juyawa. Ɗigon ya wuce Sabe.

Ya buɗe cikin manhajar, rubutu fari a kan baƙi, yana bi da yatsa. Ya ce, "Ga inda take lissafa kowace mota. Ɗaya, biyu, har sha uku. Sha biyar." Ya sake bi. "Sha huɗu ba ta shiga nan ma. Ba a lissafa ta."

Na ce to wa yake tura ta?

Ya ce, "Malam Maharazu, ni ban rubuta wannan ba." Sannan ya ce yana so ya janye daga gasar, ya kwashe kayansa yau.

Na tare ƙofa. Na ce ya sa hannu a sati uku, sati uku zai yi, idan ya taɓa ta kafin lokacin zan bi shi har gidan uwarsa. Ya dube ni kamar yadda ake duban mai zazzaɓi. Ya ce, "Kana so ya iso?"

Wace irin tambaya ce wannan? Yayana ne.

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Ya sauka daga titi kafin Dassa. Tun jiya da la'asar yana tsaye wuri ɗaya, cikin fili, babu gari babu tasha. Na bincika bayanan shekara uku, babu motarmu da ta taɓa tsayawa nan. Ba ya cikin komai da na taɓa bugawa.

Na san wurin. Ina shekara tara muna dawowa daga Faraku Inna ta cika a cikin mota. Mutanen wani ƙauye suka taimaka aka sa ta a bayan wani dutse. Safwan ne ya ɗauke ni a kafaɗa don kada in gani. Ni da shi kaɗai muka rage da muka san dutsen.

Na danna wa Ja sai an jima.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Ya koma titi.

Littattafai sittin da uku ne. Na tara su shekara shida a cikin kwali ƙarƙashin gado. Ranar 10 ga Oktoba na dawo na ga mai ƙosai tana naɗe wa mutane ƙosai da shafi na ɗari da sha biyu. Safwan ne ya kwashe su, ya ce gara ta shiga kwalin, za ta cinye ɗakin. A gaban direbobi ya faɗa, yana dariya, yana ce mini malamin kwali. Har Wada ya yi dariya.

Gara ta shiga. Na ga ƙafar gadon daga baya.

Wannan ba shi da alaƙa da komai. Na rubuta ne kawai don ruwa ya hana ni fita.

Lahadi, 25 ga Mayu, da azahar

Bohikon. Ba a aiki yau, na zo na duba ne kawai na koma.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Na zo da alli. Kwana uku ana ruwa, sunayen da na rubuta shekaranjiya duk sun dushe. Nasa yana nan fari ƙal kamar yanzu aka ɗaga hannu.

Na tambayi mai gadi wa ya taɓa allon. Ya ce shi ko kusa da gefen nan ba ya bi yanzu.

Na kasa cin komai. Duk wanda ya shigo ƙofa sai na ɗaga kai. Na lissafa, idan bai canja tafiya ba, Alhamis da yamma. Wata bakwai ina roƙon Allah ya dawo da shi, yau ga ni ina ƙirga kwana kamar wanda aka yi wa sammaci. Me zai fara ce mini? Ya san rubutuna. Shi ya saya mini allin farko.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Labiba ta zo biro. Matan direbobi ba sa shigowa garaji, ko abinci a ƙofa suke miƙawa. Ta ratsa tsakanin motoci da farin mayafi, makanikai suka ajiye sifana. Saoudatou ta ba ta kujera ta fita ta ja ƙofa.

Ta ce, "Nuna mini."

Na nuna mata. Ya wuce Allada. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba, ba ta yi kuka ba. Ɗigon yana nan yana ɗan lumshewa.

"Jibi ke nan," in ji ta.

Na ce haka lissafi ya nuna.

"Idan ya iso ƙofa, sai me? Zai ci tuwo? Zai ɗauki yara?" Ta juyo. "Maharazu, idan mutum ne, ba ya bukatar allonka kafin ya shigo gidansa. Ya san hanya. Idan kuma ba mutum ba ne, to kai ne kake kiransa duk Litinin, kuma ka ga ƙafa yake takowa. Ka tausaya masa."

Na ce ba ta san abin da take faɗa ba. Na ce akwai abin da ba ta sani ba.

"Maganar canja sunan?" in ji ta.

Fanka tana juyawa. Ban iya ɗaga kai ba.

"Tun asubar da zai tafi ya faɗa mini. Yana ɗaura agogo yana dariya. Ya ce, 'Malamin kwali ya tura ni arewa. Ƙyale shi, kafin in dawo ya huce.' Har ya ce zai duba maka littattafai a kasuwar Faraku."

Wata bakwai ta sani. Wata bakwai tana karɓar doyata.

Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba?

Ta ce, "Jira nake ka huce." Ta miƙe ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta ce, "Ni ba na neman komai a wurinka sai ranar da zan fara ƙirgawa."

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

An zauna. Saoudatou ta haɗa maki: Shuɗiya da Ja kusan kunnen doki, Fara a ƙasa, don babu wanda ya yarda ya sa mata komai sai ni. Ta fara bayani a kan inda bayanai za su zauna. Alhaji ya bari ta gama, sannan ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin kofin shayi.

Ya ce, "Ni kun san wadda nake so. Amma ba ni zan zauna gabanta kullum ba." Ya juyo. "Maharazu, ɗana. Wadda ka ce, ita za a saya. Idan ta Fadel ce, zan saya, in kuma rufe bakin kowa."

Ban taɓa jin ya ce mini ɗana ba. Karimou yana kallon silin. Saoudatou ta gyara tabarau. Ta riƙe abin da ta gani a Shuɗiya sati biyu ba ta kai wa ubanta ba, na ba ta wannan.

Na ce Ja.

Alhaji ya ce, "Ka san abin da take tambaya."

Na ce na sani.

Aka juyo mini da kwamfutar. Akwatin yana nan. Na danna a rufe. Ta ce dalili, ta ba ni uku: ya iso, haɗari, ba a gan shi ba. Na danna na uku. Ta ce wa ya rufe. Na buga cikakken sunana, har da na ubanmu.

Sai allo. Karimou ya ce ba a taɓa yi ba, babu mai goge sunan wani. Alhaji ya ce hannun ɗan'uwa na jini hannun mutum ne. Direbobi suka tsaya a jere a tsakar garaji. Na sa tafin hannu. Allin ya ƙi fita, sai da na goga sau uku, na huɗu da ƙarfi har fatar ta yi zafi.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Sannan ya aiki Karimou wurin liman.

Ban duba Fara ba. Wada ya ce ɗigon ya kai Kalabi, bakin Kwatano, ban tambaye shi ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, da azahar

Fadel ya zo cire kayansa. Na kawo masa shayi, na ce ya yi haƙuri da maganar gidan uwarsa. Ya ce ba komai. Ya zauna gaban kwamfuta, ni ina tsaye ta baya inda ba na ganin fuskarta.

Ya ce, "Kana so ka gani kafin in cire?"

Na ce a'a.

Shi ya duba. Ya ɗaga kai ya kalli taga, wadda take fuskantar babbar ƙofa. Ya sake duba fuskar kwamfutar. Sannan ya danna abin da zai danna, ya sa tasa a buhun shinkafa. Bai sha shayin ba. Ya tambaye ni ko akwai wata hanyar fita, na nuna masa ƙaramar ƙofar makanikai ta baya, ta nan ya bi, cikin taɓo, alhali zemijan ɗinsa yana jiransa a gaba.

Alhamis, bayan magariba

Labiba ta je wurin liman da wanta. Yau ce rana ta ɗaya.

Da la'asar na karɓi makulli hannun mai gadi na buɗe babbar ƙofa, ganye biyu, kamar yadda ake buɗe wa kamiyo. Babu motar da ake jira. Babu wanda ya tambaye ni. Na tsaya a gefe na bar hanya. Babura suna wucewa, mai biredi ta wuce, ruwa yana gudu a kwata. Na tsaya har aka kira salla.

Na ce, "Yaya, na huce."

Na ɗan ƙara jira, gwargwadon yadda mutumin da ya gaji zai ratsa ƙofa. Sannan na rufe.